Inda muka yi wa Umma haƙoran roba a Kano, abinda muka biya da abinda ban ji daɗinsa ba

Tunda mata suka ga Umma a wajen sunan ƙanwata tana dariya baki buɗe ake ta tambayata wai ina aka yi mata haƙora, nawa ne, akwai zafi, za a iya cin nama da su. To gara in faɗi komai a wuri ɗaya, mai daɗin da mara daɗin. Sunan asibitin dai ba zan kama ba, saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma bana son ya zama na taɓa abincin wani. Ƙaramin asibitin haƙori ne mai zaman kansa a nan cikin Kano, a saman bene yake, kujerun aiki biyu, likita ɗaya namiji da wata sista mai taimaka masa sai yarinyar da ke zama a wajen yankar kati. In a taƙaice kuke so, aikin likitan ya yi kyau kuma ya duba halin da aljihunmu yake ciki, amma tsarin kuɗinsu da cika alƙawarinsu sai a hankali.

Umma ta haura sittin, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma haƙoranta ba tsutsa ce ta cinye su ba yadda mutane suke ta ce mata, ciwon dasashi ne. Da farko jini ne in ta yi asuwaki, sai wari, sai haƙoran suka fara tsawo saboda dasashin yana janyewa, sai girgiɗi, daga nan kuma ɗaya bayan ɗaya suna zubewa, wani ma tana cin ɗumame ya fita. Likitan ne ya fahimtar damu cewa suga da ciwon dasashi tare suke tafiya, in suga bai sauka ba dasashi ba ya warkewa, in kuma dasashi yana ruɓa shima yana hana sugan daidaita, kuma ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ne yake zaizayewa a hankali, shi yasa haƙori lafiyayye mara kogo sai ya kama rawa. Babban mutum haƙora 32 gareshi in sun cika, lokacin da muka kaita abinda ya rage mata bai kai rabi ba, a cikinsu ma na sama duk suna motsi.

Abinda ya fi damuna ba kyan fuska bane, abinci ne. Mai ciwon suga ana ce masa ya ci ganye, wake, nama, kifi, ya rage su kunu da biredi, to ita kuma ba abinda take iya haɗiya sai kunu da koko da fura da shayi da biredi a jiƙa, duk abinda asibiti suka hana shi ne kawai bakinta yake karɓa. Zogale ta daina, rama ta daina, nama sai dai ta tsotsa ta ajiye wa jikoki. Ga rama ta jiki, zani har sai ta ninka. Sannan ta daina zuwa Islamiyyar manya da take zuwa da yamma, wai in malama ta ce ta biya karatu haruffa basa fita, iska ke wucewa ta giɓin, sin da fa duk sun gagareta, ita kuma kunya take ji a gaban sa'anninta. In baƙi sun zo gefen mayafi a baki har su tafi. Matar da a da in tana hira a tsakar gida har maƙota suna jiyo dariyarta.

Kafin mu kai ga asibitin akwai wani abu da ya faru wanda nake roƙon kowa dan Allah ya guje masa. Wata maƙociyarta ta kawo mata wani mutum mai yawo da jaka yana sa haƙori, ya liƙa mata guda biyu a gaba da wani abu ruwan hoda mai warin tsiya, ya haɗe su da haƙoran gefe, ya karɓi kuɗi kaɗan ya tafi. Sati na farko abin gwanin sha'awa. Amma shi wannan ba a cire shi, a manne yake dare da rana, abinci yana shiga ƙarƙashi ba hanyar wankewa, kafin wani lokaci wajen ya kumbura yana fitar da mugunya, haƙoran gefen da aka jingina abin a jikinsu suma suka kama girgiɗi. Araha ba ta ado wallahi. Haƙora biyu da watakila da an cece su, wannan liƙin ne ya ƙarasa su.

Maganar kuɗi kuwa, mu huɗu ne a wajen Umma, Baba ya rasu. Ni ɗinki nake a gida, maigidana direba ne, Yaya babba ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ƙaramin mataki, ƙanina yana sayar da kayan waya a kasuwa, autarmu kuma a lokacin tana da ciki. Kowa ya san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, mafi ƙarancin albashi an mayar dashi 70,000 a 2024 amma a lokacin buhun shinkafa kaɗai ya isa ya lashe shi, ga kuɗin makaranta ga haya ga maganin Umma na suga da na hawan jini duk wata wanda shi ba fashi. Mun fara tunanin inshorar lafiya ta Yaya, wato NHIA, sai ya ce ai shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 kawai ta ɗauka, iyaye basa ciki sai in an yi musu rajista daban an biya ƙari. To kun ga komai daga aljihu zai fito. Kuma kayan aikin haƙori kusan duk daga waje ake shigo dasu, garin awon, haƙoran, robar, allurar kashe zafin, in dala ta motsa suma sun motsa.

Nasan wasu za su ce me ya hana mu zuwa na gwamnati. Gaskiya ne ya fi sauƙi, kuma a Kano akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, jami'ar Bayero ma tana da tsangayar koyar da likitocin haƙori, duk mai ƙarfin jiki da lokaci ina bashi shawara ya fara tambaya a can kafin ya nufi na kuɗi. Mu abinda ya sa muka zaɓi wannan shi ne yana kusa da gidan Umma, adaidaita ɗaya ce, kuma aikin haƙoran roba ba zuwa ɗaya bane, sai an yi ta sintiri, tsohuwa mai ciwon gwiwa da suga ba zata iya sammako da dogon zama ba, ni kuma duk ranar da na rufe keke ranar babu shiga.

Ranar farko kati 5,000. Kafin ma ya ce ta buɗe baki sai da sista ta gwada jininta ta soki yatsa ta duba suga, sugan ya hau sosai, sai likitan yace Mama yau ba zan cire miki komai ba, ko kin biya ni ba zan cire ba, ki koma wajen likitanki na suga a daidaita shi tukuna, in na cire a haka ramin ba zai warke da wuri ba kuma zai iya ruɓewa. Wannan maganar ce ta fara kwantar min da hankali dashi, domin kuɗin cirewar suna cikin jakata, da wani ne da ya karɓe. Ya tambayi sunayen magungunanta ɗaya bayan ɗaya, da ya ji akwai amlodipine yace shi wannan yana sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya kumbura, kar ta daina sha da kanta amma a faɗa wa mai duba ta. Ya rubuta mana hoto babba na baki gaba ɗaya, su basu da injin sai da muka je wani wuri, 15,000.

Da muka dawo da hoton ya ɗora shi a jikin fitila ya kira ni yace Hajiya matso ki gani, ya nuna min inda ƙashi ya kamata ya kai da inda ya tsaya, na sama saiwoyin kusan a iska suke. Na ƙasa na gaba guda shida yace waɗannan suna da sauran ƙarfi, ba zai taɓa su ba, za a wanke su a kula dasu, domin haƙorinka na Allah ko guda nawa ne ya fi na roba kuma su ne za su riƙe na ƙasan. Umma ita so take a zubar da duka a huta, yace a'a Mama, na ƙasa in babu ko ɗaya wahalar zama yake a baki, harshe yana ture shi, ki bar min waɗannan.

Sai ya ɗauko takarda ya rubuta mana hanya uku. Akwai dashe, wanda ake kafa ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kai, yace ya faɗa ne kawai don mu san akwai shi, kuɗin guda ɗaya ya fi duk abinda muka zo dashi kuma ƙashinta da sugarta ma ba lallai su yarda ba. Akwai roba mai laushi mai lanƙwasuwa, ta fi daɗin sawa amma ta fi tsada kuma in ta lalace ko ana son ƙara haƙori a jiki gyaranta wahala. Sai ta gama gari, roba mai tauri ruwan hoda, ita ce mai sauƙin kuɗi kuma in ta tsage ana gyarawa, in wani haƙorin ya sake fita ana iya ƙara shi a jikinta ba sai an yi sabuwa ba. Na tambaye shi tsakani da Allah likita in mahaifiyarka ce kuma kuɗinka irin namu ne wacce za ka yi mata, yace ta ukun, ba don araha kaɗai ba, don bakin Mama zai ci gaba da canzawa kuma ita ce ake iya bi ana gyarawa. Bai tura mu ga mai tsada ba ko kaɗan, wannan na yaba masa har gobe.

Kuma ya yarda a yi aikin daki daki a biya daki daki. Wannan shi ya cece mu, domin da cewa yayi a kawo kuɗin a dunƙule da har yau Umma tana shan kunu. Wankin haƙoran ƙasa 20,000 muka fara biya, da wata na'ura mai ƙara tana fesa ruwa, abinda ya fito daga bayan haƙoran nan na dauɗar da ta daskare ta zama dutse haɗe da jan goro na shekaru, ni kaina sai da na kau da kai. Umma ta ji tsami kwana biyu in ta sha ruwan sanyi, daga baya jinin da take gani ya ragu sosai. Cirewa kuma haƙora 7 ne, 10,000 kowanne, da Yaya ya roƙe shi ya bar mana a 60,000, kuma bai cire su rana ɗaya ba, ya raba, ɓangare ɗaya ya warke sannan ɗayan. Hannunsa da sauƙi, allurar ce kawai ta ce ta ji. Kayan aikin a gabanmu sista take yage ledarsu, na kuma leƙa na ga tukunyar da suke dafa ƙarafan a ciki tana aiki, safar hannu sabuwa kowane mutum, wajen tsaf ba ƙarni. Duk wanda zai je ko ina ne ya sa ido a kan wannan, ana iya ɗaukar ciwon hanta ta irin waɗannan ƙarafan in ba a tsaftace su ba.

Bayan cirewa ya sa ta cije auduga, yace ranar kar ta kuskure baki kar ta yi ta tofar da yawu kar ta sa harshe ko yatsa a ramin saboda gudan jinin da ya toshe wajen shi ne maganin, sai washegari ta fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Da dare ma ya kira wayata da kansa ya tambayi ko jinin ya tsaya. Ban taɓa ganin likitan da yayi min haka ba.

To ga inda raina ya fara ɓaci. Ranar da aka cire liƙin mutumin nan mai jaka, mun gama mun fito zamu tafi sai yarinyar kati tace akwai 10,000 na cire tsohon aiki. Babu wanda ya faɗa mana, ba ya cikin takardar da likita ya rubuta, ni kuma kuɗin da ke hannuna na cefanen gida ne. Ba wai aikin bai cancanci kuɗi ba, ya sha wahala kafin ya yanke abin, amma mai lissafin kwabo da kwabo a faɗa masa tun kafin ya zauna a kujera. Na biya ta POS har da cajin cirewa, ranar miyar gidana ba nama. Kuma babu farashi a rubuce a bango ko a takarda, in ka tambayi yarinyar ta faɗi wani abu, in ka shiga ciki ka ji wani, risit ma sai ka nema. Magani kuma da suka ce mu saya a wajensu, da na duba a kyamis ɗin unguwa irinsa sak ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, daga ranar takardar kawai nake karɓa in saya a waje. Duka magungunan sun ci wajen 14,000.

Sai jira. Yace sai dasashin ya warke ya gama motsewa, wata biyu zuwa uku tunda mai suga ce, in aka yi awo da wuri haƙoran za su yi mata yawa daga baya su dinga faɗowa, kuɗi ya tafi a banza. Akwai wanda ake sawa nan take ranar da aka cire amma shi dole a sake masa ciko ko a sake sabo bayan 'yan watanni, biya biyu kenan, mu bamu da halin wannan. Watannin nan sun yi wa Umma tsawo ƙwarai, sama babu haƙori ko ɗaya, leɓenta ya shige ciki, ko waya bata son ɗagawa. Ni kuma a lokacin nake haɗa kuɗin. Na roƙi uwar adashinmu ta dawo min da kwasata gaba, wata baiwar Allah ta yarda muka yi musanya, Yaya ya ci bashi a kofaretib ɗin ofis, ƙanina yana turo dubu biyar dubu uku duk abinda ya samu, auta ta sayar da tunkiyarta duk da ita ma haihuwa na gabanta. Umma bata san da maganar tunkiyar ba sai daga baya, da ta ji sai da tayi kuka tace da ta sani da ta haƙura, wai ita da ta kusa kabari me za ta yi da haƙora. Wannan maganar tana min ciwo har yanzu, don na san iyaye da yawa haka suke danne ciwonsu saboda kar su ɗora wa 'ya'ya nauyi.

Ranar awo ina tsaye a kanta. Sista ta auna wani gari ta zuba ruwa ta dama shi da sauri a ɗan kwanon roba ya zama kamar ƙullun alale, ta cika wani faranti mai siffar baki, likita ya tura shi ya danna a ganɗarta ya riƙe da yatsu biyu. Nan take Umma ta fara yunƙurin amai, idonta ya kawo ruwa, ta kama hannuna ta matse. Shi kuma bai saki ba bai kuma daka mata tsawa ba, ya ɗago kujerar ya sunkuyar da kanta gaba yana cewa Mama ta hanci, ja numfashi ta hanci, ɗaga ƙafarki ɗaya sama ki riƙe, saura kaɗan, yi salati a zuci. Minti biyu zuwa uku abin ya daskare, ya ɗan girgiza ya zaro shi, sai ga bakin Umma gaba ɗaya a jiki, har 'yan layukan ganɗa. Ya duba yace gefe ɗaya iska ta shiga, sai an sake. Umma ta harare shi tace ɗan nan kashe ni za ka yi, yace Mama gara ki ji haushina yau da ki ji haushina shekara biyar. Aka sake, na biyun ya fito daidai.

A ranar muka bada kafin alƙalami, rabin kuɗin. Na sama cikakke 140,000, na ƙasa mai haƙora 5 na turame da 'yan wayoyi masu kama haƙoran gefe 65,000. Bayan nan akwai zuwa na gwada cizo da wani kakin zuma don a san tsayin da bakin zai tsaya, sai zaɓen kala. Umma ta nuna fari tas, likita yayi dariya yace Mama in na sa miki wannan kowa daga nesa zai san na roba ne, ga na ƙasanki sun sha goro, ya ɗauko wanda ya ɗan yi duhu ya kara a jikin nata, kuma shi ne daidai. Ta ce masa da tana da wushirya a da, ko za a iya mayar mata, na nuna masa tsohon hotonta a waya na lokacin da ta dawo daga Makka, ya ɗauka ya tura wa mai haɗawa. Da aka kawo na gwaji wanda haƙoran ke jere a kan kaki sai ga 'yar wushiryarta. Wannan ƙaramin abu ne a wajensu amma a wajenmu ba ƙarami bane.

Ƙorafina na biyu shi ne alƙawari. Ba a nan ake haɗa haƙoran ba, wani mai sana'ar ne a waje suke kai wa, kuma ranar da suka ce mu zo mu karɓa mun zo mun hau benen nan da ƙyar, Umma tana hutawa a kowace 'yar kwana, aka ce ai bai kawo ba, wai babu wuta a wajensa. Suna da lambata, kira ɗaya ya isa ya hana mu asarar kuɗin adaidaita da wahalar tsohuwa. Haka aka sake yi mana, sai da na fara kira kafin mu fito. Benen kansa matsala ne, matsattse, babu ƙarfen riƙewa a gefe ɗaya, asibitin da rabin masu zuwansa tsofaffi ne. Wajen jira kujeru kaɗan, in nepa ta ɗauke sai a jira a tada janareta, zafi kuwa ba a magana. Na faɗa wa likitan duk wannan baki da baki, ya bada haƙuri, yace haya a ƙasa ta fi ƙarfinsa, na fahimce shi amma kiran waya ai ba haya bane.

Da aka sa mata su kuma kar kowa ya ɗauka daga ranar sai tsire. Makon farko yawu ya dinga zuba, magana tana fita wani iri, tace ji take bakinta ya cika taf kuma abinci ba ɗanɗano saboda robar ta rufe ganɗa. Kwana kaɗan sai ga gyambo a dasashin ƙasa da can bayan na sama, ta cire ta ƙulle a gefen zani tace ita ta gama. Da ma ya gargaɗe mu, yace kar a kankare da wuƙa ko reza a gida, a dawo, kuma ta sa su tun safe ranar da za a zo don ya ga daidai inda suke gogar ta. Ya shafa wani abu fari a ciki ya mayar ya cire, inda ya goge nan ne ke danna ta, ya ɗan rage da injinsa, nan take tace alhamdulillahi. Duk gyaran da muka koma bai karɓi ko sisi ba, yace yana cikin kuɗin. Ya ce ta fara da abu mai laushi a yanka ƙanana, ta tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya don kar ya ɗaga, kar ta gatsa da na gaba, ta dinga karatu da ƙarfi don harshe ya saba. Da Alƙur'aninta ta saba, kullum bayan asuba.

Yanzu na sama ya zauna daram, shi dama iska ce ke riƙe shi a ganɗa, ba ya motsi ko tana dariya. Na ƙasa ne har yau bata gama shiri dashi ba, in abu mai danƙo ne yana ɗagawa, kuma 'ya'yan kuɓewa ko riɗi in suka shiga ƙarƙashi sai ta tashi ta wanke. Tana cin tuwo da nama in ya dahu luguf, kifi, dambun nama, kwaɗon zogale, wake, kabeji in an yanka siriri. Rake da aya da ƙashi da kilishi mai tauri babu su, goro kuma sai an daka mata ko an goga, shi ma likita so yake ta rage. Sugarta ta fi da daidaituwa tunda ta rage kunu, jikinta ya ɗan dawo, ta koma Islamiyya.

Kula dasu ba wuya amma sai an kiyaye. Da dare a cire a wanke a saka a kofi da ruwa mai murfi, kar a kwana dasu don dasashi ya huta kuma kwana dasu yana kawo wani farin ciwo a ganɗa musamman ga masu suga. Ruwan zafi yana lanƙwasa su. Da buroshi mai laushi da sabulu ake wankewa, man goge baki yana kankare robar, kuma a wanke a kan roba mai ruwa don in ya suɓuce kar ya faɗi a siminti ya rabe biyu. A ajiye nesa da yara, jikokinta har leƙen kofin suke. Haƙoran ƙasa na gaske kuma sai an ninka kula dasu saboda inda wayar take kamawa nan dauɗa ke taruwa.

In na haɗa komai, kati da hoto da wanki da cirewa da kuɗin bazata da magani da haƙoran, 329,000 ne, da kuɗin mota ya tasam ma 350,000, albashin wata biyar cur na mai karɓar mafi ƙaranci, kuma wannan ita ce hanya mafi araha a cikin ukun. Farashin lokacin da muka yi ne, yanzu kam sai ka tambaya. Zan iya tura wani wajen? Eh zan tura, saboda likitan, amma da sharaɗi, ka sa a rubuta maka komai da komai a takarda tun ranar farko ka tambaya ko akwai wani abu da bai shiga lissafi ba, ka tambaya ko gyara bayan an sa kyauta ne, ka karɓi risit, ka sayi maganinka a waje, kuma kar ka fito da tsoho daga gida sai ka kira an tabbatar maka aikin yana kan tebur.

Mu dai har yanzu bamu gama fita ba, Yaya ana cire masa bashin a albashi, kuma likita yace bayan shekara ɗaya ko biyu na saman zai fara sako sako saboda ƙashin yana ci gaba da raguwa, sai an yi masa ciko daga ciki, wannan kuma da kuɗinsa. Maigidana yana da kogo a turmi tun kafin mu fara na Umma, da kanumfari da farasitamol yake lallaɓawa, na tambayi likitan yace in aka zo da wuri ciko ne kawai, in ya kai jijiya kuwa ko a cire ko a yi aikin saiwa wanda ya ninka kuɗin sau da yawa. Kwasata ta gaba sai bayan babbar Sallah, ita na ware masa, in haƙorin ya kai lokacin.